A MADADIN INUWA

SHAFI NA 19

Masu cewa na bar Khairiyya tana ta shan fura da dariya a ruga kamar ba ni da labari, to ku gyara zama. Yau dariyar ta ƙare.

*

Ɗan jan takalmin nan mai ƙara, wanda in yarinya ta taka yake cewa ƙyu-ƙyu, shi ya fara tona asirin gidan.

Khairiyya ta sake zazzage jaka a kan tabarma. Kayanta na nan, na mijinta Muzammil na nan. Na 'yarsu Boɗɗo kuwa ko hula babu.

"Hasana, wa ya taɓa min jaka? Kayan yarinyar nan duk ban gan su ba, har takalminta."

Hasana, matar ƙanin Muzammil, tana bakin bukka tana gasa musu masarar guzuri. Ta juya masarar da ba ta buƙatar juyi.

"Suna ɗakin Adda Zubaida."

"To ɗauko min mana. Masu babur na tafe da azahar, ga hadari yana haɗuwa a kan duwatsu."

Hasana ta sake juya masarar.

"Hasana?"

"Malama... ke wai da gaske ba a faɗa miki ba?"

Khairiyya ta saki jakar.

Tun da aka ba da dogon hutu a makarantar da take koyarwa a Bebeji suka zo rugar su Muzammil a bayan Doguwa, kuma wallahi ba ta taɓa jin daɗin damina irin wannan ba. Boɗɗo, da ba ta cika shekara biyu ba, ta koyi bin maruƙa da ɗan kara, ta koyi shiga taɓo har gwiwa, ta ci ɗinya har bakinta ya yi baƙi. Duk wannan a hannun Zubaida, yayar Muzammil. Ita ke goya ta zuwa tatsa da safe, ita ke kai ta rafi, ita ta sa mata lalle. Da Dada, uwar Muzammil, ta ce tun da an zo a yaye ta a nan, Khairiyya ba ta yi musu ba. Aka mayar da kwanan yarinyar ɗakin Zubaida, aka ce uwa ta ja baya kada a tuna mata da nono. Ta ja bayan kuwa. 'Yar fari ce, ga ta a gaban surukai, ga sunan Dada yarinyar ta ci, Maimuna, shi ya sa ake ce mata Boɗɗo. Khairiyya ta yi kunya har ta zarce 'yan gida, ko kallon 'yarta ba ta yi sai ta gefen ido. Matan ruga suna yaba ta, ita kuma kanta na fashewa.

"Faɗa min me?"

Hasana ta leƙa hagu da dama, ta rage murya.

"Boɗɗo ba za ta koma Bebeji ba. Ta Adda Zubaida ce."

"Riƙo kike nufi? Wa ya ce na ba da riƙo?"

"Ba riƙo ba. An ba ta. Tun kafin a san da ke ma."

Khairiyya ta yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Hasana, ba na son irin wannan wasa."

"Wallahi ba wasa nake ba. Adda ta taɓa haihuwa, ba ki sani ba? Namiji, Inuwa. Yana kamar Boɗɗo haka. Ta tafi tallan nono Tudun Wada ta bar shi gida, Hamma Muzammil yana yaro ya ɗauke shi ya kai shi rafi. Hamma ya bi wani maraƙi, kafin ya juyo ruwa ya tafi da yaron. Daga shi Adda ba ta sake haihuwa ba, auren ma ya mutu. Ranar da aka rufe Inuwa, mahaifinsu ya tara kowa ya ce ɗan farin Muzammil, mace ko namiji, na Zubaida ne daga ranar yaye."

"Kuma kowa ya sani?"

"Kowa."

"Har ke."

Hasana ta sunkuyar da kai.

"Na zaci ke ma kin sani kike ta wannan alkunyar. Har cewa muka yi ba mu taɓa ganin Bahaushiya mai haƙurinki ba."

Nan ne abin ya soki Khairiyya. Ashe duk furar da ake dama mata da man shanu, duk "sannu Malama" da ake yi, kiwonta ake. Ashe kunyar da take taƙama da ita, da ita aka ɗaure ta. Ta tuna Zubaida ba ta zo bikinsu ba, amma ranar suna ita ce ta farko a ƙofar gida, ta karɓi jaririya ta ƙi sakinta har la'asar. A lokacin Khairiyya har hawaye ta yi don jin daɗin dangin miji masu son 'yarta.

Ba ta yi kuka ba. Sai dai ta rantse a ranta cewa sai kowa a rugar nan ya ɗanɗana abin da ta ji yanzu.

Ta zari masara guda daga wuta ba tare da ta san ta zara ba, ta fita.

*

Muzammil yana wajen igiyar maruƙa, ya durƙusa yana yi wa wani maraƙi allura, sana'arsa ke nan ko a Bebeji, maganin dabbobi. Ya ɗago da murmushi.

"Kin gama shiri? Na yi magana da mai mota a Doguwa, zai tsaya mana a Bagauda mu ci kifi kamar yadda na yi miki alkawari."

"Mu nawa za mu ci kifin?"

Murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manna.

"Abban Boɗɗo, tambayarka nake. Mu nawa?"

"Wa ya faɗa miki?"

"Au, abin da ya dame ka ke nan."

Ya saki maraƙin, ya miƙe yana goge hannu a wando.

"Khairiyya, a mota na so mu yi maganar."

"A mota! Bayan mun wuce Tudun Wada ko? Sai ka ce min af, na manta, na ba da 'yarki?"

"Ki rage murya, Dada na ji."

"Ta ji mana! Wata tara ina ɗauke da ita, ka san ba tawa ba ce. Ina naƙuda kana bakin ƙofa kana addu'a, ka san ba tawa ba ce. Kai ka sayo mata takalmin nan da hannunka. Wane irin mutum ne kai?"

"Magana ce ta mahaifina, kuma ya rasu. Ba a warware maganar mamaci a gidanmu."

"Da mahaifinka zai yi kyauta, da cikina ya yi shawara?"

"Allah zai ba mu wasu..."

Ta matso har yana jin numfashinta.

"Kai ka yi sakaci. Kai ka bi maraƙi ka bar ɗan mutane a bakin ruwa. In biya ne, ka yanke hannunka ka ba ta. Me ya haɗa 'yata da kisan da ka yi?"

Kalmar ta dake shi. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kada ki sake ce min mai kisa!"

"Na faɗa! Mai kisa!"

"Ni ko rafin ban je ba ranar! Ina kasuwar Doguwa, an aike ni sayo kanwar shanu, sai da na dawo na tarar..."

Ya tsaya. Ya kama bakinsa da hannu kamar zai mayar da maganar ciki.

Ni kuwa na ce, Muzammil, ka makara.

Khairiyya ta ƙura masa ido. Da ta sake magana, muryarta ta yi sanyi, sanyin da ya fi ihun ban tsoro.

"To wa ya kai shi?"

"Ki bar maganar."

"Wa Adda ta bar wa yaron da za ta tafi talla?"

Ya kalli bukkar Dada. Kallo ɗaya ne, ya kawar da kai da sauri, amma ya isa.

"Dada," in ji ta.

Ya zube a kan gwiwoyinsa a cikin kashin shanu, babban mutum da gemunsa.

"Wankin ƙore ta je. Ta ajiye shi a kan dutse, ruwa ya ɗauki ƙwarya ɗaya, ta bi ta. Shi ke nan, wallahi shi ke nan. Mahaifinmu ya ce in Adda ta san uwarta ce, ta rasa ɗa ta rasa uwa a rana guda. Ya ce laifin yaro ana yafewa. Aka ɗora min. Shekara da shekaru Adda ba ta amsa gaisuwata, na haɗiye. Khairiyya, na roƙe ki don girman Allah. Dada hawan jini gare ta. Adda kuma ba ta da kowa sai Dada. In maganar nan ta fita, gidan nan ya rushe."

"Ni kuma nawa gidan fa?"

"Ki yi min alkawari."

Ta dubi masarar da ke hannunta, ta hure tokar da ke jiki.

"Tashi, wandonka ya ɓaci."

Abin da ta ce ke nan. Ba ta yi alkawarin komai ba, shi kuma tsoro ya hana shi lura.

*

A tsakar ruga Dada na zaune a kan tabarma tana dama fura a ƙwarya. Matan gida sun taru za a yi sallama da baƙi. Iska ta fara kaɗa ganyen ɗorawa, saman duwatsu ya yi baƙi ƙirin.

Sai ga Zubaida ta ɓullo ta hanyar rafi, doguwa, siririya, Boɗɗo a bayanta da jiƙaƙƙen gashi da ɗan jan takalmi, tana waƙar da ba wanda ya san kanta.

Khairiyya ta tsaya a gabanta. Ba durƙuso, ba gaisuwa.

"Adda, sauke min 'yata."

Matan suka kalli juna. A duk hutun nan ba wanda ya taɓa jin ta ce "'yata".

Zubaida ba ta ko girgiza ba.

"An faɗa miki ke nan. To madalla, an huta da ɓoyo."

"Sauke ta."

"Mijinki ya ɗauke min nawa. Na jira. Ban kai ƙara ba, ban yi baki ba, na jira. Kin san shekarun da na yi ina jin kukan yaro a cikin ruwan can? Ke kina da ƙuruciya, gobe ki haifi wani. Ni fa?"

"Ba ni na kai ɗanki rafi ba."

"Amma kin auri wanda ya kai shi."

Dada ta ɗago, ta yi magana a hankali, irin ta manyan da suka saba a bi su.

"Malama, zauna ki sha fura. Kin zo mana da mutunci, ki koma da mutuncinki. Boɗɗo ba ɓata ta yi ba. Duk hutu ki zo ki gan ta."

"Ki zo ki gan ta." Khairiyya ta maimaita maganar a ranta. Wannan tsohuwar, da ta bi ƙwarya ta bar jika, ita ce yau take rabon 'ya'yan mutane da ludayi a hannu, ko kunyar Allah babu.

Zubaida ta kwance goyo, ta dire yarinyar a tsakiyar fili, ta ja da baya.

"Ba na son a ce na yi ƙwace. Ga ta nan. Kira ta. In ta zo wajenki ta zauna, ɗauki ki tafi."

Ta san abin da take yi. Ta san surukar kirki ba ta kiran 'yar fari a gaban mutane, balle mai sunan uwar miji.

Khairiyya ta buɗe baki da dukkan ƙarfinta.

"Maimuna!"

Wata tsohuwa ta yi salati. Hasana ta toshe baki. Dada ta daskare, don rabon da wani ya kira wannan suna a gabanta tun mijinta na da rai.

Amma yarinyar ko waiwaye ba ta yi ba. Ina ta san wata Maimuna? Ba a taɓa kiran ta da shi ba. Tana can tana bin wata 'yar tsako.

Khairiyya ta durƙusa. Ta miƙa masarar.

"Boɗɗo. Boɗɗona, zo. Zo ki karɓa."

Yarinyar ta juyo. Ta ga masara, ta washe 'yan haƙoranta. Ta taho.

Ƙyu. Ƙyu. Ƙyu.

Khairiyya ta buɗe hannuwa. Boɗɗo ta iso, ta kama masarar da hannu biyu, har ƙamshin sabulun da ke gashinta ya shiga hancin uwarta.

Sai ta juya.

Ƙyu-ƙyu-ƙyu-ƙyu, da gudu, ta faɗa jikin Zubaida tana ɗaga masarar sama.

"Inna! Inna, ci! Mayama ta ba ni."

Malama. Abin da kowa ke kiran ta a ruga, shi 'yarta ta koya.

Ba wanda ya yi dariya, amma da sun yi da ya fi sauƙi. Zubaida ta ɗauki yarinyar, ta gutsiri masarar, ta tauna a hankali tana kallon Khairiyya.

Dada ta ci gaba da dama furarta.

"To, kin gani da idonki. Yaro ba ya ƙarya. Hasana, ɗauko wa Malama jakarta."

Khairiyya ta miƙe. Ta kakkaɓe ƙasar gwiwarta, ta gyara mayafi. Duk tausayin da ya rage mata a duniya ya bi masarar nan ya tafi. Ta hango Muzammil ya iso bakin fili, yana girgiza mata kai, yana haɗa hannuwa biyu alamar roƙo. Ta yi masa murmushi.

"Dada ta yi gaskiya, yaro ba ya ƙarya. Sai dai in manya sun sa shi."

"Khairiyya!" in ji Muzammil.

"Adda Zubaida, zan tafi. Amma ina da tambaya ɗaya, tun da ni baƙuwa ce ban san tarihin gida ba. Ranar da kika dawo daga Tudun Wada, ƙaninki ya je rafi, ya shiga ruwa neman yaro. Kayansa a jiƙe kika same su?"

Zubaida ta daina tauna.

"Me kike nufi?"

"Ki tuna dai. A jiƙe suke ko a bushe? Me yake riƙe da shi a hannu?"

"Khairiyya, na haɗa ki da Allah!"

Idon Zubaida ya tafi can nesa. Leɓenta ya motsa kafin magana ta fito.

"Ƙulli... ƙullin kanwa."

"A rafi ake sayar da kanwa, Adda?"

Khairiyya ta ƙara matsowa.

"To waye kayansa suke a jiƙe ranar? Wa ya yi asarar ƙwarya?"

Ludayin ya suɓuce daga hannun Dada ya nutse cikin fura.

Zubaida ta juya a hankali. Ta dubi uwar da ta share mata hawaye duk shekarun nan, uwar da ke kwana da ita duk damina in ruwan rafi ya fara ruri, uwar da ke ce mata ki yi haƙuri, ki yafe wa ƙaninki.

"Dada."

Dada ba ta ɗago ba.

"Dada, zanenki... kin ce ruwan sama ne ya dake ki. Ranar ba a yi ruwa a nan ba."

"Zubaida, 'yata..."

"Wa ya kai Inuwa rafi?"

Tsohuwar ta buɗe baki, ta rufe. Ƙwaryar ta karkace har fura na zuba a tabarma. Kowa kuma ya gane amsar.

Khairiyya ta ji daɗi. Ba zan ɓoye muku ba, ta ji daɗi har cikin ƙashinta. Ga Dada ta ƙanƙance, ga Muzammil ya dafe kai, ga matan da suka ci furar munafunci da ita sun rasa inda za su sa ido. Ta taka zuwa gaban Zubaida, ta miƙa hannu.

"Kin ji da kunnenki. Mijina bai taɓa miki ɗa ba, ba abin da zai biya. Ba ni 'yata."

Zubaida ta dube ta kamar yau ta fara ganin ta. Idon nan ba hawaye, ba fushi, ba komai a cikinsa.

Maimakon ta miƙa yarinyar, sai ta wurga ta baya, ta ja zane ta ɗaure tamau, ta ƙara ɗauri na biyu.

"Adda?"

"Ba wanda zan sake bar wa shi." Muryarta ta fito a hankali. "Na bar shi sau ɗaya. Zo mu tafi, Inuwa, ba mu da kowa a gidan nan."

"Adda, Boɗɗo ce! Maimuna ce!"

Tsawa ta fashe a kan duwatsu. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, daga can sama kuma aka fara jin rurin rafi yana saukowa.

Zubaida ta juya da gudu, ba hanyar gari ba, hanyar rafi.

Kafin Khairiyya ta ɗaga ƙafa, gonar gero ta haɗiye su. Abin da ya rage a cikin taɓo shi ne ɗan jan takalmi, ƙafa ɗaya.